Kankaren Kura da Bunkure a Gaban Kyamara: Martani ga Mai Cewa Hoton Gini Sai na Fada

A cikin wata maƙala da ta yi bayani kan ɗaukar hoton gine-gine a ƙasar Kano, wani marubuci ya tsaya a kan ra'ayin da mutane da yawa ke riƙe da shi ko da ba su taɓa furta shi ba, wato cewa hoton gini ba ya shiga sahun fasaha sai in ginin kansa yana da asali da daraja, irin su Gidan Rumfa da Gidan Makama da ƙofofin ganuwa da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. A ganinsa, magudanan kankare da ƙofofin ƙarfe da gadoji da kwalbatoci da ke shimfiɗe a yankin noman rani na Kura da Bunkure kayan aiki ne kurum da injiniyoyin ƙetare suka zana, kuma ba su fi fartanya ko lauje cancantar a rataya hotonsu a bango ba. Ya ɗora a kan haka da cewa duk mai son adana kamanninsu wayar hannu ta ishe shi, kuma kashe kuɗi wajen wanke hoto a kan takarda mai tsada irin wadda ake kaiwa zauren baje koli almubazzaranci ne a ƙasar da manomi ke kwana da lissafin kuɗin buhun taki. Hujjarsa ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi, ita ce kyakkyawan hoto yakan lulluɓe cutar da babban aikin gwamnati ya yi wa talaka.

Babu mai jayayya da marubucin a kan darajar tsoffin gine-ginen Hausa. Masallacin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a Zariya a farkon rabin ƙarni na 19, da bakan gizonsa da ɗaurin gugansa, ya isa abin alfahari a ko'ina, kuma aikin aune-aune da zane-zane da Zbigniew Dmochowski ya yi a kan ginin gargajiya na Nijeriya, wanda aka buga cikin juzu'i uku a 1990, tare da littafin J. C. Moughtin na 1985 kan ginin Hausa, sun nuna cewa masana sun daɗe da ba wannan gado haƙƙinsa. Ko a wajen iyaka, masallacin Yama na Jamhuriyar Nijar da magini Falke Barmu ya gina da ƙasa ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Inda marubucin ya zame shi ne ya haɗa abubuwa biyu da ba a auna su da mudu ɗaya, wato ƙimar gini da ƙimar hotonsa. Ana iya tsayawa a gaban Ƙofar Kudu a ɗauki hoton da ba shi da wani amfani sai shaidar cewa mai shi ya je wurin, kamar yadda ake iya tsayawa a gaban ƙofar raba ruwa mai tsatsa a fito da hoton da zai sa mutumin da ya shekara talatin yana wucewa ta gefenta ya tsaya ya dube ta a karon farko.

Abin da ake nufi da hoton gini na fasaha shi ne hoton da mai ɗauka ya zaɓi matsayarsa da lokacinsa da haskensa da gangan, domin ya bayyana tsarin gini da nauyinsa da zamansa a cikin filin da ya kewaye shi. Sana'a ce mai ƙa'idoji da ba a sanin su sai an koya. Misali, duk wanda ya ɗaga kyamara sama domin ya kama dogon bango zai tarar a hoton bangon ya tsuke daga sama kamar ginin zai kwanta da baya, saboda layukan tsaye sun nufi haɗuwa. Masu sana'ar suna magance wannan ta hanyar dasa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, su daidaita ta tsaye cak, sannan su zame idon kyamarar sama shi kaɗai, abin da tsohuwar kyamara mai zuga-zugi da wasu gilasai na musamman ke iya yi. Haka kuma ana ƙuntata ƙofar haske domin na kusa da na nesa su fito tas a lokaci guda, wanda ke tilasta a bar kyamarar a buɗe na ɗan lokaci, shi ya sa ruwa mai gudu kan fito sumul kamar shimfiɗaɗɗen alharini alhali kankaren da ya riƙe shi ya fito da kowane tsagu da ke jikinsa. Wanda ya ce wannan danna maɓalli ne kawai, daidai yake da wanda ya ce ɗinkin aska takwas soka allura ne kawai.

Tarihin sana'ar ma bai goyi bayan marubucin ba sai a wani ɗan zango. Hoto mafi tsufa da ya rage a duniya wanda aka ɗauka da kyamara, na Nicéphore Niépce a Faransa wajen 1826 ko 1827, ba komai a cikinsa sai rufin ɗakunan gidan gona da aka hango ta taga. Gaskiya ne a 1851 hukumar kula da kayan tarihi ta Faransa ta tura masu hoto biyar su zagaya ƙasar su ɗauko tsoffin majami'u da fadoji da ake shirin gyarawa, kuma wannan shi ne irin aikin da marubucin ke so a tsaya a kansa. To amma da mujallar Life ta Amurka ta fito a karon farko a watan Nuwamba 1936, abin da ta sa a bangonta shi ne hoton da Margaret Bourke-White ta ɗauka na ginshiƙan kankare na madatsar ruwa ta Fort Peck, suna tsaye kamar hasumiyoyin ganuwa, da mutane biyu ƙanana a gindinsu domin ido ya gane girman abin. Madatsa da gada da masana'anta sun zama abin da masu hoto ke ɗauka da muhimmanci, kuma ba a sake fitar da su daga sahu ba.

Misalin da ya fi kusa da batun Kura shi ne na Bernd Becher da matarsa Hilla, Jamusawa da suka fara aiki tare a 1959 suka shafe fiye da shekara arba'in suna ɗaukar tankokin ruwa da rumbunan hatsi na kankare da matoyan ƙarfe. Ba su yarda da rana mai ƙarfi ba, sai ranar da gajimare ya rufe sama inuwa ta ɓace; suna ɗaukar kowane gini daga gaba, a tsayi iri ɗaya, sannan su jera hotuna tara ko goma sha biyu a bango guda domin mai kallo ya ga yadda gine-gine masu aiki ɗaya suka yi kama kamar 'yan uwa, kowanne kuma da fuskarsa. A 1990 baje kolin Venice ya ba su babbar kyautarsa a fannin sassaƙa, alhali ba su taɓa sassaƙa komai ba. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Nijeriya, domin J. D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya rasu a 2014, ya bi irin wannan hanya tun daga 1968 wajen ɗaukar kitson mata, ya tara hotuna kusan dubu waɗanda yau ake rataye su a manyan zaurukan fasaha na duniya. Kitso kuwa ba shi da sarauta, kwana kaɗan yake yi a tsefe shi, kuma da ma'aunin marubucin aka bi da babu ko ɗaya daga cikin hotunan nan da zai wanzu.

Sai a koma kan abin da ke ƙasa a Kura da Bunkure, wanda marubucin ya wuce shi da jimla guda. An gina madatsar Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a lokacin tana iya riƙe ruwa kusan mita biliyan biyu na awon cika, kuma kafin ta kammala madatsar Bagauda ce ta fara shayar da gonakin gwaji na Kadawa. Kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ne ya yi nazarin tsarin, aka ƙiyasta kashi na farko a kan hekta 22,000, sannan kulawar aikin ta koma hannun Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are da aka kafa a 1976. Abin da ya kamata mai duban gini ya lura da shi shi ne ruwan nan da nauyinsa yake tafiya, ba inji ke tura shi ba: yana barin Tiga ta babbar magudana, ya bi ta tafkin Ruwan Kanya, ya rabu reshe biyu, na gabas da na yamma, daga nan ya shiga ƙananan magudanai da waɗanda suka fi su ƙanƙanta har ya isa bakin gonar mutum a ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam. Domin hakan ya yiwu dole kowane taki na hanyar ya kasance ƙasa da wanda ya gabace shi da gwargwadon da aka lissafa, dole a gina matakalan da za su karya ƙarfin ruwa inda gangare ya yi yawa, da ƙofofin da za su raba shi, da hanyoyin da zai ratsa ƙarƙashin titi ko rafi, da tafkunan da ke tara ruwan dare domin a yi ban ruwa da shi da safe. Wannan gini guda ne mai tsawon kilomita masu yawa, wanda ya sake fasalin ƙasa da gonaki da hanyoyi, kuma tun bayan ganuwa da wuya a nuna wani aikin tara ƙasa da ya canza rayuwar Kanawa kamarsa. Ita kanta madatsar Tiga tarin ƙasa ce da duwatsu da aka danne, saboda haka ta fi kusa da ganuwa a zumunci fiye da yadda marubucin zai so ya amsa.

Zancen cewa baƙi ne suka zana shi, don haka ba shi da ruhin Hausa, zance ne da ke tsayawa a ranar da aka miƙa takardun aiki. Shekara hamsin ke nan mutanen yankin suna zaune da wannan gini suna lanƙwasa shi zuwa bukatarsu. Matakalan da aka yi don ma'aikacin hukuma sun zama mashaya da wurin wanki da alwala, gadar da aka auna don motar duba aiki ta zama mahaɗar 'yan acaba da masu kwandunan tumatir, manomi ya koyi zuƙo ruwa daga magudana zuwa kwaminsa da lanƙwasasshen bututu, wani kuma ya kafa injin ban ruwa inda tsarin bai kai ba. A gefen wannan sai wasu gine-gine suka tsiro waɗanda babu injiniyan da ya zana su: rumfunan injin casar shinkafa na Kura da tsibin ɓuntu a bayansu, murahun turara shinkafa da filayen shanya, ɗakunan ajiyar albasa, rumfunan kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a kan hanyar Zariya, da gidajen da aka haɗa zauren ƙasa mai zankwaye da ɗakin bulo mai rufin kwano a katanga ɗaya, wanda duk mai ido zai karanta a jikinsu shekarar da shinkafa ta yi kuɗi. Har masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016 ta shiga wannan jeri. Idan ginin Hausa yana nufin abin da Hausawa suka gina suke rayuwa a ciki, to wannan shi ne ginin Hausa na rabin ƙarnin da ya wuce, kuma mai binciken da zai zo nan gaba ba zai same shi a littafin Dmochowski ba.

Ga mai kyamara kuwa, yankin yana da abin da birni ba shi da shi. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, layukan magudanai miƙaƙƙu ne har inda ido ya tsaya, saboda haka tsarin hoto a nan ya dogara ne a kan inda aka aje bakin sama, a tsakiya ko a ƙasa ko a sama, kuma kuskuren ɗan yatsa guda yana karkatar da komai. Hazon hunturu, wanda masu hoton biki ke ƙi, yana yin aikin da gajimaren Jamus ya yi wa su Becher, domin yana kashe inuwa mai kaifi ya bar kankare ya nuna launinsa na toka da tabon da ruwa ya bari a kowane matakin da ya taɓa kaiwa. Da asuba kafin iska ta taso ruwan tafkin dare yakan kwanta ya zama madubi, ƙofar ƙarfe ta fito biyu. Gini ɗaya kuma yana da fuskoki da yawa a shekara: cikin koren alkama a sanyin Janairu, cikin shinkafar damina, da lokacin da aka rufe ruwa don gyara, ƙasan magudana ya bayyana da laka da kachalla. Akwai kuma wata fa'ida ta gefe da ta dace da wannan ƙasa, wato malamai sun yi saɓani a kan rataya hoton mai rai, amma hoton gini da ruwa da gona ba ya cikin abin da aka yi saɓani a kansa, don haka yana iya shiga zaure da ofis da makaranta ba tare da an ɗaga gira ba.

Batun cewa waya ta isa yana da gaskiya daidai gwargwadon abin da ake son yi da hoton. In manufa ita ce a nuna wa jami'in hukuma cewa magudana ta fashe a wuri kaza, waya ta isa har ta yi yawa. Amma hoton kwamfuta tarin ɗigo ne, kuma lissafinsa ba ya ɓuya: hoto mai ɗigo miliyan 12, wato 4,000 a kwance da 3,000 a tsaye, in aka wanke shi a ma'aunin ɗigo 300 a kowane inci, wanda shi ne abin da ido ke karɓa a matsayin tsantsar kaifi in an matso kusa, ba zai wuce santimita 34 da 25 ba. Ana iya faɗaɗa shi fiye da haka in daga nesa za a kalla, amma hoton gini ana son a matso a ga zanen katakon da aka zuba kankare a cikinsa. Bayan haka WhatsApp da Facebook suna matse hoto su zubar da wani sashe na ɗigonsa domin ya yi sauƙin tafiya, kuma kowace turawa na iya ƙara rage shi. Sannan waya takan faɗa ruwa, katin ajiya yakan mutu, lambar sirri takan tafi kabari tare da mai ita. Gidaje da yawa suna da hoton kakanni baƙi da fari da aka wanke a situdiyo shekara sittin da suka wuce, alhali ba su iya nuna hoton sunan yaron da aka ɗauka da waya shekara goma baya.

Wankin hoto shi ne inda marubucin ya fi yin sakaci, kuma abin mamaki ne a yi wannan sakaci a kan Kura, garin da ya yi suna a kan ƙarasa aiki. Rawani ɗan Kura da turkuɗin da fatake suka riƙa kaiwa Agadas da sauran ƙasar Abzin ba a masaƙa suka sami tsadarsu ba. Farin saƙi ne kamar kowane, sai da aka tsoma shi a karofi sau da yawa, aka kai shi mabuga aka buga masa shuni a kan gungume har ya yi ƙyallin da ake hango shi daga nesa. Zare ɗaya ne, amma marini da mabugi su ne suka raba farashin. Haka abin yake tsakanin hoton da ke cikin kyamara da wanda ke rataye a bango, domin mai wanki ne ke yanke hukuncin yadda duhu zai yi zurfi ba tare da ya haɗiye abin da ke cikin inuwa ba, da yadda farin sama zai yi haske ba tare da ya ƙone ba, kuma kankare, wanda duk kyansa a cikin matakan toka-toka yake, shi ne abu na farko da mummunan wanki ke mayarwa faci guda marar rai. Kwatancen yana da iyaka, tun da shunin ɗan Kura kan zuba a fata kuma masu sayensa na ƙaunar hakan, alhali abin da ake nema a hoto shi ne launin da ba ya motsi.

Rashin motsin launi kuwa ya dogara ne a kan tawada da takarda. Tawadar firinta iri biyu ce: akwai mai narkewa a ruwa kamar rini, wadda ke fitowa da haske amma rana da iska na cinye ta cikin 'yan shekaru, akwai kuma wadda ƙananan ƙwayoyin launi ne da ba sa narkewa, suna zama a kan takarda kamar yadda makuba ke zama a bango, ita ce kuma ake amfani da ita a aikin baje koli. Takardar da ta dace da ita ta auduga ce wadda ba ta da asid, domin asid ɗin da ke cikin takardar itace shi ke sa jarida ta yi rawaya ta karye. Binciken Henry Wilhelm na Amurka, wanda ya fito a babban littafi a 1993, shi ya fito da wannan matsala fili ta hanyar gwada hotuna a ƙarƙashin haske mai ƙarfi, kuma duk wanda ya ga hotunan aure masu launi na shekarun 1970 da 1980 da suka rikiɗe suka yi ja-ja ya ga sakamakon da idonsa. Kafin a buga ana daidaita allon kwamfuta da na'urar awon launi, a sa bayanin da ya dace da wannan firinta da wannan takarda, a fara da ɗan gwaji a duba shi a hasken da za a rataya shi. Bayan an buga ana sa kwali marar asid tsakanin hoto da gilashi domin kada danshin damina ya manne su, a nisanta shi da bangon da ke tsotsar ruwa da hanyar gara, a kuma rage masa haske, shi ya sa gidajen tarihi ke barin ɗakunan hotuna a ɗan dushe. Wannan ya sha bamban da fallen roba da ake bugawa don biki da yaƙin zaɓe, wanda aka yi shi don kallon nesa da amfanin mako biyu. Araha ba ta ado, kuma a nan ba ta ajiya.

Game da tsada, marubucin yana da abin faɗa, kuma ba daidai ba ne a yi kamar ba shi da shi. Takardar auduga da tawada mai ƙwaya daga waje ake shigo da su da kuɗin ƙetare, firintar na son wuta tsayayya da ɗaki marar ƙura, kuma kasuwar fasaha ta duniya tana da nata haukan: a 2011 an sayar da hoton Kogin Rhine na Andreas Gursky, almajirin su Becher, a kan dala miliyan 4.3, hoton da ba komai a cikinsa sai miƙaƙƙen ruwa tsakanin ciyayi biyu, wanda duk mai tafiya a bakin reshen yamma na magudanar Kura yana ganin irinsa kyauta. Sai dai ba wanda ya ce manomi ne zai biya, kuma ba a taɓa rage kuɗin taki da hana buga hoto ba. Tun da Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyaran ayyukan noman rani a 2014, aka kashe kuɗi masu yawa wajen sake gina magudanai da ƙofofi a wannan yanki, wanda ke nufin cewa siffar da aikin ya ɗauka a shekarunsa arba'in na farko ta riga ta shige ƙarƙashin sabon siminti a wurare da dama. A cikin aiki mai wannan girma, kuɗin ɗaukar hotuna ɗari masu inganci da wanke su a ajiye bai kai abin da za a ambata ba. Tambayar da ta dace ita ce ina za a rataya su, kuma amsar da ta fi ƙarfi ita ce bayan Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, ya kamata kwafi ya zauna a Kura da Bunkure kansu, a sakatariya da makarantu da ofisoshin ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin hoton da aka ɗauka a gonar mutum aka kai Legas ko Landan ba tare da ya taɓa ganinsa ba wani nau'i ne na ɗibar amfanin gona ba zakka.

Saura hujjarsa ta ƙarshe, ta cewa kyakkyawan hoto yakan lulluɓe cuta. Aikin noman rani na Kogin Kano bai zo kyauta ba: an tashi dubban mutane daga garuruwansu domin tafkin Tiga, sake rabon gonaki ya bar wasu da abin da bai kai nasu na da ba, ruwan da ke kwance ya ƙara sauro da tsargiya, kuma rage ambaliyar da ke sauka ƙasa ya taɓa masunta da makiyaya da manoman fadamar Hadeja da Nguru, inda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa. Gunilla Andrae da Björn Beckman, a littafinsu na 1985 kan alkama da burodi a Nijeriya, sun soki tunanin da ya sa aka zuba dukiya a manyan ayyukan noman rani domin alkamar da ƙasar ba ta iya nomawa da araha. Marubucin ya yi daidai da ya ji tsoron hoton da zai goge wannan duka, kuma hoton Gursky da aka ambata misali ne, tun da an san ya share gine-gine da mutane daga cikinsa da kwamfuta domin kogin ya fito yadda yake so. Amma maganin hoton da ke ɓoyewa shi ne hoton da ke nunawa. Kyamarar da ke iya fito da tsagun kankare ita ce ke iya fito da ƙofar da aka sace wa ƙarfe, da magudanar ƙarshen layi da ta bushe saboda na gaba sun shanye, da garin da aka sake wa matsuguni da yadda gidajensa suka jeru a layi saɓanin tsarin unguwa na da. Jerin ƙofofin ruwa goma sha biyu a bango guda, daga ta farko kusa da Rano zuwa ta ƙarshe, zai nuna wa mai kallo wanda ke samun ruwa da wanda ke jira fiye da yadda rahoton ofis zai yarda ya nuna.

Domin hoton ya iya ɗaukar wannan nauyi na shaida, akwai ƙa'idar da masu baje koli ke bi wadda ta fi sa hannu da lambar kwafi muhimmanci a wuri irin wannan. Ana neman izinin mai gona da na mai unguwa kafin a kafa kyamara, ba a cire komai daga hoton ba a kuma ƙara, sannan a bayan kowace takarda ana rubuta sunan wurin kamar yadda mutanen wurin ke kiransa tare da sunan da hukuma ta ba sashen, da rana da wata da shekara, da irin amfanin da ke gonar a lokacin, da ko ruwa a buɗe yake ko a rufe. Da fensir mai taushi ake yin wannan rubutu, a gefen da babu hoto a bayansa, saboda tawadar biro takan ratsa takardar auduga a hankali ta ɓullo a fuskar hoton bayan wasu shekaru.